Hoton Ƙwaron da Ya Tsayar Mini da Aure

Bari in fara da nawa laifin, tunda ɗan ƙarami ne, kafin mu zo kan na mutane. Ni bakina ba ya iya furta "ban iya ba" a gaban mace. In namiji ne ya tambaye ni ko na san gyaran famfo, sai in nuna masa gidan mai gyara. Amma in mace ce, musamman mai mayafi ruwan toka da ƙamshin humra, ko jirgin sama ta ce in tuƙa, abin da kawai zan tambaya shi ne a wane gari za mu sauka. Iyakar aibuna ke nan, kuma da bakina na faɗa. Sauran abin da za ku karanta tsagwaron zalunci ne aka yi mini, ku ne shaida.

Saboda waɗanda yau suka fara bin labarin: sunana Manniru, ina zaune a Lugbe, ciki da falo, na haya. Na shigo Abuja ne a bayan motar kaya, zaune a kan kabad ɗin ofis, lokacin da gwamnati ta taso daga Ikko. A lokacin gashina baƙi ƙirin ne. Yau gashin ya riga ni yin ritaya. Mai ɗakina ta rasu shekarun baya, yara kowa ya kama gabansa, ni kuma da girmana na faɗa son Muhibba, bazawara mai sana'ar kayan abinci a Dutse Alhaji.

Ba ta da shago. A waya take cin kasuwarta. Acca, riɗi, wake, daddawa, ta gyara su tas, ta ƙulla a leda mai tambarinta, ta tallata a guruf ɗin matan ma'aikata, mai babur ya kai wa kowa har gida. Waliyyinta yayanta ne, Abdulhakim. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma Yaya nake ce masa, har da ɗan rusunawa, saboda mai nema ba ya da shekaru. Tun ranar da na fara gaishe shi yake dubana kamar takardar da aka kawo masa babu sa hannu. Da ƙyar da siɗin goshi ya ce in wata ya ƙare zai sa mana rana.

To, wata yamma ina zaune a falonta, ta kawo mini zoɓo mai citta a kofin gilashi, sai ta fara ƙorafi. Wai duk hoton kayanta da ta ɗauka da waya kamar yashi yake fitowa. Ta matso ta nuna mini na wata mai irin sana'arta, inda ƙwayar riɗi ɗaya ta cika fuskar waya kamar ƙwan zabo.

"Malam, ai na ji kana da kyamara. Ka iya irin wannan?"

Na kurɓi zoɓo, na ajiye kofin a hankali. "Wannan ai fannina ne."

Jama'a, kyamarar nan tokumbo ce, wato ta hannu, na saye ta saboda bikin 'yata, kuma a bikin ma rabin mutanen da na ɗauka babu kawunansu. Tun daga nan tana ƙarƙashin gado tare da wata tsohuwa mai fim da na taho da ita daga Ikko.

Washegari na kwashe su duka biyun na nufi Wuse, wurin Oga Thaddeus, mai gyaran kyamara da ya kafa teburinsa a ƙarƙashin matakalar wani bene. Ya duba hoton riɗin ya ce sunan abin makro, wato ɗaukar ƙaramin abu daf da daf har ya zama ƙato. Ya ce akwai lens, wato idon kyamara, na musamman da aka yi don shi, ya ciro ɗaya daga kwali yana shafa shi kamar jariri. Da ya faɗi kuɗinsa sai na tambaye shi ko da fuloti a Kuje ake haɗawa. Bai yi dariya ba. Ya mayar da jaririnsa kwali, ya dube ni daga hula har takalmi, ya gane irin mutumin da ke gabansa, sannan ya fara saukowa.

Da farko ya nuna mini wasu zobba baƙaƙe, babu ko gilashi a cikinsu, ana saka su ne tsakanin kyamara da lens don su nisanta shi. Na leƙa ta ciki na hango fuskarsa. Na ce yanzu iska zai sayar mini a cikin zobe? Ya ce iskar ce ke aikin. Na ce to ina da ita a gida. Sai ya ɗauko wani ɗan gilashi da ake maƙala wa waya kamar abin shanya kaya, ya ce wannan ko ɗalibi zai iya saye, kuma yana yi daidai gwargwado. Shi ma na ƙi. Mutumin da ya ce fanninsa ne ba ya zuwa gidan bazawara da abin shanya a waya.

Thaddeus ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauki tsohuwar kyamarar Ikko, ya murɗe idonta ya cire, ya hure ƙura, ya juya shi gaba ya koma baya, ya kara a bakin sabuwar.

"Oga, duba agogonka da shi."

Na matsa, na ƙara matsawa, sai ga allurar sakan ta bayyana kamar taɓarya. Ya ce akwai ɗan zoben da ke riƙe lens a juye, shi ne mafi arha a duk teburin, ya roƙe ni in saya don kada ƙura ta shiga cikin kyamara. Na yi masa godiya, na tsallaka titi na sayi baƙin salatif.

Abin da bai gaya mini ba shi ne irin wannan ɗauka ba aikin mai tumbi ba ne. In ka juya lens, babu sauran abin murɗawa don hoto ya fito. Kai ne za ka riƙa matsawa gaba da baya, kaɗan-kaɗan, kamar mai bitar karatu. Wurin da ke fitowa ras bai kai kaurin reza ba, duk abin da ke gabansa da bayansa hazo ne. In ka yi numfashi ya gudu. In zuciyarka ta buga ya gudu. Ni kuwa ga hawan jini. Na jawo tebur bakin taga, na dogara gwiwar hannu a kan gwangwanin madara, na haska tocila ta bayan murfin farar roba don hasken ya yi laushi, na riƙe numfashi har na fara ganin taurari da rana tsaka. Matar mai gidan hayarmu ta leƙo ta taga ta same ni na kifa kai a kan faranti ba na motsi, ta tafi ta kira mijinta.

Amma riɗin ya fito. Wallahi ya fito. Kowace ƙwaya da ƙyallinta, kamar an shafa mata mai an jera. Acca ta fito kamar duwatsun ado. Muhibba ta turo mini saƙon murya tana dariya, ta ce, "Malam, ashe kai ɗin ba daga nan ba." Na saurare shi a ɗaki, na saurare shi a mota, na saurare shi a layin banki. Ciniki ya ƙaru. Ta sa ni a guruf ɗin nata, ni kaɗai namiji a cikin mata, har ta ba ni ikon tura hoto kai tsaye ba sai na bi ta wurinta ba. Sharaɗinta ɗaya: kowane hoto in rubuta sunanta da lambarta a ƙasa, kada wata ta sace ta yi talla da shi. Ku riƙe wannan, don umarninta ne, ba ƙirƙirata ba.

Sai maganar wake ta taso. Wata makarantar kwana na shirin ba ta aikin kawo musu wake na zango guda, abin da ta daɗe tana addu'a a kai. Ta auno mini mudu ɗaya daga sabon kayan da aka kawo mata daga Paikon Kore, ta ƙulle a leda, ta ce in yi masa irin na riɗi.

Da na sami sarari ranar Asabar, na zuba wake a faranti na duƙufa. Wake ba riɗi ba ne. Ya yi wa lens ɗina girma. Duk ta inda na ɓullo masa, abin da nake gani wani fili ne mai santsi, kamar sanƙon dattijo a sahun gaba. Na juya shi, na haska ta gefe, na yayyafa masa ruwa, sanƙon dai. Har na fara tunanin komawa wurin Thaddeus in sayi iskarsa, sai na ga wani abu ya motsa.

Ɗan ƙwaron wake ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na kara masa lens.

Masu karatu, na yi shekaru a duniya, na ga ginin Abuja tun tana daji, ban taɓa ganin abu kamar wannan ba. Idonsa saƙa ce, gida-gida, ta fi ta hular zanna tsari. Bayansa lulluɓe da gashi ruwan zinariya kamar karan-miski. Ga wasu ƙahoni biyu masu gaɓa-gaɓa yana kaɗa su cikin isa, kamar darakta yana sallamar masinja. Matsalar ita ce ba ya tsayawa. Na kira Thaddeus, ya ce in sa shi a firij na ɗan lokaci, sanyi zai sa ya nutsu, ba zai mutu ba. Babu wuta a layinmu. Haka na saka ƙwaro a gidan ashana, na kai wa maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara, na ce ta ajiye mini magani.

Ya fito a nutse, ya zauna a kan wake kamar wanda ya biya kuɗin hoto. Na riƙe numfashi, na danna.

Yanzu ku gaya mini tsakani da Allah. Mutum ya ɗauki hoto mafi kyau a rayuwarsa, wa zai nuna wa? Ba inda aka saba yaba masa zai kai ba? Na rubuta sunan Muhibba da lambarta a ƙasa kamar yadda ta umarta. Na tura guruf, na ɗora da cewa: "Tsarki ya tabbata ga Mahalicci. A cikin wake na same shi." Na ajiye wayar na tafi sallar la'asar da zuciya fara tas.

Da na dawo wayar har ta yi ɗumi.

"Innalillahi. Wannan muke ba yaranmu?"

"Hajiya pls a cancel nawa."

"Wannan ƙwaro ne ko kada?"

Wata ta ce dama tun watan jiya cikinta ke ƙugi. Wata da ba ta taɓa sayen wake ba, riɗi kawai take saye, ta ce a dawo mata da kuɗinta. Kafin magariba hoton ya bar guruf ya shiga duniya. Wani ɗan'uwana da ke Gusau ya turo mini shi, nawa na kaina, da gargaɗi a sama cewa a guji wannan lambar, kuma a tura wa mutum goma don Allah. Makarantar ta kira ta ce a dakata tukuna. Sannan wayata ta sanar da ni da Turanci, babu ko sallama, cewa Muhibba ta cire ni daga guruf. Saƙo ɗaya ya biyo baya: "Yaya yana nemanka gobe bayan azahar."

Raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake. Wace mace ce a cikinsu ba ta taɓa zuba wake a ruwa ta ga ƙwari sun taso ta tsiyaye su ta ci gaba da girkinta ba? Tun kakanninmu da ƙwaron nan muke zaune lafiya. Laifina kawai na nuna musu fuskarsa. A ce duk cikin matan nan masu digiri babu wadda ta tsaya ta ce kai, dubi idon nan, dubi haske? Ko ɗaya. Ƙasar da ba a san darajar fasaha ba ke nan.

Na shirya kamar mai zuwa kotu. Farar shadda mai aikin wuya, hula ƙube ruwan ƙasa, takalmi sau ciki da na goge da kaina, turaren da nake ɓoyo don ranar ɗaurin aure. Na rataya kyamarar a wuya da salatif ɗinta, don a san da ma'aikaci ake magana.

Falon Yaya Abdulhakim irin wanda kujerunsa ba a cire musu leda ba ne, duk motsin da ka yi sai sun kai ƙararka. Ba a kawo mini ko ruwa ba. Muhibba na gefe a kan darduma cikin baƙin hijabi, idonta a ƙasa. Kusa da ita wata mata ce kakkaura, da atamfar zumuntar matan coci da ɗankwali ɗaure tam, ta riƙe wata jarka ruwan ɗorawa tsakanin ƙafafunta. Aka ce mini ita ce Maman Juliet, manomiyar da ke kawo wa Muhibba wake. Tun da safe ta taso daga Paikon Kore, don hoton ya isa har can, an nuna mata a bakin coci.

Yaya ya yi magana mai tsawo. Ya ce ƙanwarsa da guminta ta gina sana'ar nan bayan rasuwar mijinta, da ita take biyan kuɗin makarantar marayu. Ya ce shi dama tun farko bai natsu da dattijon da ke wasa da kyamara ba. Ya ce maganar sa rana ya janye ta sai abin da hali ya yi. Sannan ya gyara zama, leda ta yi ƙara.

"Malam Manniru, aure ka zo nema gidan nan ko ƙwari?"

Na ce Yaya, da girmanka, kyamara ba ta ƙarya. Ni ban halicci ƙwaron nan ba, ban gayyato shi ba, samunsa na yi. In an ga maciji a ɗaki ba mai tocila ake duka ba. Na ji daɗin wannan maganar sosai, har na ɗan dubi Muhibba in ga ko ta ji. Ba ta ɗago ba.

Sai Maman Juliet ta matso gaba. Ta jawo tire, ta murɗe murfin jarkar da ƙarfi, ta tuntsurar. Wake ya zubo, gauraye da busasshen barkono, nan take falon ya ɗauki atishawa.

"Oga, nemo shi," ta ce. "In ka samu ko ɗaya, ni zan cinye a gabanka."

Ta ce ita wakenta sai ya sha rana a kan dutse har in ka ciza ya ce ƙas, sannan ta zuba a jarka da barkono, ta toshe baki da leda, iska ba ta shiga. Haka uwarta ta yi a tukunya, haka take yi a jarka. Ta ce tun tana goyon Juliet take sayar da wake, ba a taɓa dawo mata da mudu ba, yau ga shi an sa ana nuna ta da baki a coci. "Wake na ba ta yin ƙwaro," ta ce, tana buga tiren da yatsa. Na tona, na tona, barkono na shiga mini ido. Ban samu ba. Na ce wataƙila ɗaya ne tak, kuma shi ne ya zo wurina.

Sai Maman Juliet ta ce a ba ta hoton. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuskarta, ta ce ita ba dabbar take son gani ba, waken da ya taka take son gani. A nan na sami damar yin bayani. Na ce Madam, a wannan fanni namu, wurin da ke fitowa ras siriri ne ƙwarai. Na zaɓi idon, saboda haka duk abin da ke ƙasa dole ya zama hazo. Ba kuskure ba ne, ƙa'ida ce. Har na ciro lens ɗin ina nuna musu yadda ake juya shi, salatif na manne mini a hannun riga.

"Wato," in ji Yaya, "kyamarar taka tana ganin idon ƙwaro, amma ba ta ganin wake."

Na ce haka fasahar take.

A nan ne Muhibba ta ɗago. Idonta ya yi ja, ban sani ba ko kuka ne ko barkono. Ta yi magana da murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, Malam yana da wauta, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. In ya ce a wakena ya gani, to a ciki ya gani." Ta juya wurina. "Ka kawo sauran mudun gobe. Maman Juliet ta san wakenta kamar yadda ta san 'ya'yanta. In nata ne, ni zan ba mutane haƙuri da bakina, in nemi wani wurin saye, kai kuma a daina ɗora maka. Yaya, in haka ta tabbata, ka sa ranar."

Yaya ya ce ya yarda. Maman Juliet ta ce ita ma ta yarda, kuma ba za ta koma gida ba, a nan za ta kwana ta jira.

Muhibba ta rako ni har bakin get, abin da ba ta taɓa yi a gidan yayanta ba. Ta miƙo hannu kamar za ta taɓa ni, sai ta cire guntun salatif daga hannun rigata ta yar. Ta ce ta tsaya mini a gaban yayanta da matar da suka yi shekara da shekaru suna tare, in zo da wuri, kada in sa ta ji kunya. Na ce haba Hajiya, ai gaskiya ba ta tsoron rana.

Duk tsawon hanyar Lugbe ina tafasa. A ce mutum kamata, da furfurarsa, a zaunar da shi a kan leda ana yi masa tambayoyi kamar ɓarawon akuya. A ce hoton da in a wata ƙasa ce da an rataye shi a bango, a nan ya zama abin tura wa mutum goma. A ce ko ruwa. Na rantse ko bayan an ɗaura, sai Yaya Abdulhakim ya san ya taɓa mai zuciya.

Waken da Muhibba ta ba ni, tun a ranar na dafa shi da shinkafa, da mai da yaji, washegari na ɗumama sauran. Wanda na ɗauki hotonsa kuwa, a teburin Mato mai awo na bakin layinmu na auno shi, na arha.